Ragowar Allurar Kawu

Zuwa ga taubashiyata, Uwar Allura,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da masu ginin dam ɗinku da macizan da kika ce suna shan iska a bayan ɗakin shan maganinku. Mu nan kowa lafiya lau ban da mutum ɗaya, kuma saboda shi na ɗauki biro. Na kira wayarki har na gaji, kullum a kashe. Sai ga direban motar da ke kai muku kaya ya kawo mana gyaran burki, ya ce a wajenku sai mutum ya hau dutse yake samun sabis. Na ce to ga takarda ka kai mata, tunda ita ta zaɓi zaman daji.

Baba ne, kawunki. Kwanakin baya yana zare wata tsohuwar salansa, ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri. Kin san halinmu a gareji. Ya tsiyaya man burki a kai, ya ɗaure da tsumma, ya koma ƙarƙashin mota. Umma ta yi magana har ta gaji, ya ce shi da ya tsufa yana yankewa ba yau za a koya masa jinya ba. Ƙafa ta kumbura ta yi sulɓi, jiki ya ɗauki zafi, ga rawar sanyi, har ya fara sambatu yana kiran sunayen direbobin da suka daɗe da rasuwa. Wallahi na tsorata. Muka ɗauke shi sai asibiti. Likita ta ce ƙwayoyin cuta ne suka bi ciwon suka shiga jini, da mun ƙara jinkiri da labarin ya zama wani. Aka ba shi gado, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka sa mu sayo kwalin wata allura mai ƙananan kwalabe. Sai da suka auna nauyinsa kafin su fara, kuma kusan kullum sai an ɗebi jininsa. Baba ya ce shi bai gane ba, ƙara masa suke yi ko rage masa.

Yanzu alhamdu lillahi ya dawo hayyacinsa. Yadda na gane ya dawo, jiya yana kwance ido a rufe, motar asibiti ta wuce ta bayan taga, sai ya ce min, “Je ka gaya wa direban nan fambel ɗin injinsa ya yi sako-sako.” Kin san garejin nan kunnen Baba ne, ni hannu ne kawai. Daga nesa direbobi ke zuwa don ya saurari injin ya faɗi ciwonsa tun kafin a kwance noti ɗaya.

To ga tambayata. Zazzaɓi ya sauka, shi kuma ya tayar da ballin sai gida, wai motoci sun taru suna jiransa. Likita ta ce da saura. Mu sa hannu mu fito da shi, ko mu danne shi? Maganarki yake ji fiye da tamu, tun da kika sa farin kaya.

Naki, ko kin so ko kin ƙi,
Baƙin Mai

*

Zuwa ga Baƙin Mai, shugaban marasa jin magana,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, macizai ma suna gaishe ka, sun ce ka fi su sulɓi. Takardarka ta iso duk shatin yatsunka a jiki, sai da na wanke hannu bayan na karanta.

Man burki! Inna lillahi. Uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito, amma na rasa ta inda hankalin gidan ya bi ya tsallake ku. Na karanta wajen sambatun nan sai da na nemi kujera na zauna. Kawu ne ya tsaya min lokacin da kowa ya ce karatun jinya ba nawa ba ne, ban shirya rasa shi ba.

Ga amsarka: kada ku kuskura ku fito da shi. Saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. Cutar da ta shiga jini takan lafa ta yi likimo, in aka janye mata magani da wuri ta dawo da ƙarfinta, wani lokaci ma maganin ya daina kama ta. Magani irin wannan ba a barinsa a tsakiya, ƙarasa shi ake yi. Ka gaya wa Kawu ni na ce, in ya ƙi kuma zan zo da kaina da allura mafi tsawo da muke da ita.

Ba ka rubuto min sunan allurar ba. Ka kwafo min shi daga jikin kwalbar, in dai ka iya karatun da ya wuce lambar mota. Yadda ka ce suna auna nauyi suna ɗibar jini, ina zargin irin nan ce mai ƙarfi da ake sa wa ido sosai. In ita ce, jinin da suke ɗiba suna duba ƙodarsa ne, da kuma yawan maganin da ya rage a jiki. Ku lura da shi. In ya ce kunnensa na ƙara, ko yana jin jiri, ko fitsarinsa ya ragu, ku gaya wa likita nan take.

Motar kayanmu ba ta da rana, sai yadda hanya ta yi. Ka rubuto duk da haka. Ka gaida Umma da matarka, wadda har yau nake tausaya wa.

Taka,
Uwar Allura

*

Uwar Allura,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Umma na amsawa, matata kuma ta ce tausayinki ya zo a makare.

Takardarki ta same mu a gida. Ba guduwa muka yi ba, kwantar da hankalinki. Baba ya daure har likita ta sallame shi da kanta, ta cire allura ta mayar da shi kan ƙwayoyi, ta ce mu dawo a duba ciwon. Sai dai kwalin nan da muka saya bai ƙare ba, kusan rabi ya rage, na zuba shi a jaka tare da bokiti da filas muka taho.

Da na karanta wa Baba takardarki, ya sa na maimaita wajen da kika ce ba a barin magani a tsakiya. Ya ce a ɗauko kwalin. Ya jera kwalaben a kan tabarma ya ce, “Ka gani? ’Yata ta faɗa. Aiki rabi suka yi suka sallame ni don suna son gadon.” Ni ma da na duba sai na ga gaskiya ce. Mu a gareji in ka buɗe kwalin filogin mota, duka kake sawa, ba ka canza biyu ka bar biyu. Kuma kin san gidanmu ba a yar da abu mai kyau, har yau akwai notin motar da aka daina yi tun kafin a haife ni. Na je wajen mai kemis na bakin layinmu, ya ce shi ma yana yin irinta, abu mai sauƙi. Yanzu yana zuwa safe da yamma yana yi wa Baba a ɗuwawu. Da kwalin ya ƙare ma ya ce ciwon bai gama bushewa ba, ya kawo wani daga shagonsa. Sunan da ke jiki jentamaisin, ga shi na kwafo miki harafi harafi, don ki san na yi makaranta.

Maganar ƙarar kunne kuwa ta ba mu dariya. Ke, wa ye kunnensa ba ya ƙara a gidan nan? Mutumin da ya wuni tsakanin guduma da injin walda? Ni kaina in na kwanta kamar an kunna min rediyo babu tasha. Na tambayi Baba, ya ce kamar kullum, sai dai ta ɗan ƙara kauri. Yana ɗan tangaɗi in ya miƙe, yana bin bango, amma duk wanda ya daɗe a kwance ai haka yake. Ƙafar tana masa zogi, mai kemis ya ba shi maganin ciwon jiki yana sha. Ruwa ne ba ya son sha, wai yana wahalar da shi zuwa bayi.

Kin ga mun bi maganarki sau da ƙafa. Sai ki nemi wani abin da za ki yi mana faɗa a kai.

Baƙin Mai

*

Ɗan’uwana,

Lafiyata lau, ban da hankalina. Ka ajiye duk abin da ke hannunka ka karanta wannan a tsaye.

Ku tsayar da allurar nan yanzu. Kada mai kemis ya ƙara taɓa shi. Ku daina ba shi maganin ciwon jikin nan. Ka ɗauki Kawu ka mayar da shi wajen likitar da ta sallame shi, yau ɗin nan, ka tafi da kwalayen duka har da kwalaben da suka ƙare, ka gaya mata komai ba tare da rage ko ɗaya ba. Ka ce a duba ƙodarsa, a gwada jinsa.

Ruwa ya cinye mana gada, takardarka ta yi ta yawo a aljihun direba kafin ta zo hannuna. Da na karanta na hau dutsen nan a guje, na kira wayarka har batir ya mutu. Na san inda take, tana rataye a ƙusa a gareji tana kuka, ku kuma kuna buga guduma. Wannan takardar na ba direban motar marasa lafiya da zai bi ta zagaye, na roƙe shi ya kawo hannu da hannu.

Kai, wane irin karatu ka yi wa takardata? Na ce a ƙarasa abin da likita ta tsara. Ban ce a ƙarasa abin da ke cikin kwali ba. Kwali ba shi ne likita ba! Allurar nan tana ceton rai, ita ta dawo mana da Kawu, amma da awo ake ba da ita, gwargwadon nauyin mutum da ƙarfin ƙodarsa, kuma na ɗan lokaci. Ƙoda ce ke fitar da ita. In mutum ya manyanta, ba ya shan ruwa, ga maganin ciwon jiki yana ƙara wa ƙodar nauyi, sai ta kasa fitarwa, maganin ya yi ta taruwa. In ya taru, can cikin kunne yake zuwa ya yi ɓarna, wajen da ke sa mutum ya ji, da wajen da ke sa ya tsaya daidai bai faɗi ba. Tangaɗin nan ba na kwanciya ba ne. Ƙarar da ta ƙara kauri ba ta guduma ba ce.

Ina jin haushinka, ina jin haushin mai kemis da ya ga tsoho an sallamo shi daga asibiti bai tambayi takardar likita ba, kuma ina jin tsoro. Ka tashi ka tafi.

’Yar’uwarka

*

’Yar’uwa,

Gaisuwa. Muna nan dai. Takardarki ta zo muna asibiti, a kan benci na karanta ta. Mun riga ta zuwa, bari in gaya miki yadda aka yi.

Baba ya matsa sai ya leƙa gareji, na kai shi na sa masa kujera a inuwa. Wani tsohon kwastomansa ya kawo bas, ya ce wata ƙara ke damunsa. Aka tayar da injin. Ƙara ce siririya kamar fito, ni na ji, masu walda sun ji, har mai sayar da ruwa da ke wucewa ya waiwayo. Baba ya dafa ni ya miƙe, ya sunkuya, ya rufe ido yadda ya saba. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce wa direban, “Lafiyar motarka lau, kai ne ke da ƙara a kai.” Ya yi dariya. Ba wanda ya taya shi. Ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, sai dariyar ta tsaya. Ya ce min a hankali, “Akwai wani abu ne?” Na ce akwai, Baba. Ban taɓa faɗin kalmar da ta yi min nauyi kamar wannan ba. Daga nan ban bi ta gida ba, sai asibiti.

Likita ba ta yi mana ihu ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta jera kwalaben a tebur ta ƙirga su. Ta ce ƙwayoyin da ta ba shi su ne ƙarashen maganin, allurar ta gama aikinta tun ranar da ta cire ta. An sake ba shi gado, ana ƙara masa ruwa. Ƙodar ta wahala amma ta ce tana farfaɗowa. Kunne kuwa an sa masa wani abu kamar na sauraron waƙa, ana kunna sauti yana ɗaga hannu in ya ji. Masu kauri yana ɗagawa. Da aka zo kan sirara, ina tsaye ina kallon hannunsa a kan cinya, bai motsa ba. Ta ja ni waje ta ce abin da ya tafi ba ya dawowa, mai yiwuwa ma ya ɗan ƙaru kafin ya tsaya. Jirin zai ragu in jiki ya saba.

Ba zan ɓoye miki ba, na wuni ina cewa ke kika ce a ƙarasa. Na faɗa wa Umma, na faɗa wa matata. Sai matata ta ɗauko takardarki ta nuna min ƙasan shafin, inda kika ce in kunne ya yi ƙara a gaya wa likita nan take. Ni na karanta wannan layin da bakina, muka yi dariya. Duk da haka da kin rubuta “abin da likita ta ce” ƙarara, da ban kai ga mai kemis ba. Ban san yadda za mu raba wannan ba, ni da ke.

Baba bai sani ba. Kullum da safe sai ya sa yatsa a kunne ya girgiza, ya ce yaushe zai buɗe. Ina ce masa a hankali dai. Na kasa. Ke ce yake yarda da maganarki.

Ɗan’uwanki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaishe ka da jiki, ina gaida Umma da ɗawainiya. Ni lafiya nake. Na nemi hutu, sun ce sai an gyara gada, ma’aikaciyar da za ta canje ni ta iso. Ban so ka yi ta jira har sannan ba ka san gaskiya ba, shi ya sa na rubuto da manyan baƙi don ka karanta da kanka.

Kawu, kunnen ba toshewa ya yi ba, ba zai buɗe ba. Allurar da aka ci gaba da yi a gida ta taru a jikinka ta lalata wasu ƙananan abubuwa a can ciki, irin waɗanda jiki ba ya sake yin sababbi. Sauti mai kauri za ka riƙa ji. Siriri, irin wanda kake kama ciwon injin da shi, ya tafi. Kada ka bari kowa ya ɗiga maka wani abu a kunne ko ya sayar maka da maganin buɗewa, babu shi. Akwai ƙaramar na’ura da ake maƙalawa a kunne, tana taimakawa wajen jin magana, za mu nema tare in na zo. Daga yau kuma duk asibitin da ka je, ka fara gaya musu abin da wannan allurar ta yi maka kafin su rubuta komai.

Ka yarda da maganata ne ka sa aka ɗauko kwalin. Na rubuta wa masu gareji kamar ina magana da abokan aikina, ban tsaya na tuna yadda za ta sauka a gidanmu ba. Ka yafe min. Ka yafe wa ɗanka ma, yana cin kansa. Ka gaya masa rabon da yake tambaya, na ɗauki nawa, ya ɗauki nasa, kada ya ƙara da na kowa.

’Yarka

*

’Yata,

Wa alaikumus salam. Jiki da sauƙi, an sallame ni, ƙafa ta bushe, ina tafiya da sanda saboda jiri. Ummanku na gaishe ki. Rubutun nawa ne, ki yi haƙuri da shi, hannun ya fi sabawa da sifana.

Na karanta takardarki sau biyu. Kin kyauta da ba ki yi min kwana-kwana ba. Da ma na sani, tun ranar bas ɗin nan. Ina tambayar yaron ne kawai ko wani zai ce min ba haka ba ne. Babu abin yafewa tsakanina da ke. Ni na jera kwalabe a tabarma, ni aka tambaya ko kunne na ƙara na ce kamar kullum, alhali na ji ta canza. Ina sauri ne in koma aiki. Mai kemis ya zo gaishe ni, na ce masa ya je ya ga likitar nan ta gaya masa abin da ta gaya mana, kafin ya yi wa wani tsohon.

Na koma gareji ina zama. In an tayar da mota ɗan’uwanki ne ke sunkuyawa, ni ina tambayarsa: daga gaba take ko daga baya, tana bin totur ko ba ta bi. Yana kuskure, yana gyarawa. Ashe yana da kunne, ni ne ban taɓa barinsa ya yi amfani da shi ba. Wasu direbobin sun daina zuwa. Wannan na iya ɗauka, na sha sauraron ƙarfe har ya ishe ni.

Abu ɗaya nake so ki bincika min kafin ki zo. ’Yar ɗan’uwanki ta fara magana a satin nan. Muryarta siririya ce. Sun ce duk gidan ni ta fara kira, wai tana cewa Kaka. Jiya ta hau cinyata ta kama gemuna tana ta faɗa, kowa na dariya, ni ina kallon bakinta yana motsi. Na yi dariyar tare da su don kada ta ga kamar na ƙyale ta. Ki tambayar min masu na’urar nan ko tana kama muryar yara. In tana kamawa ki taho da ita, ko da ba ta jin mota ko ɗaya.

Kawunki